Mushe Kalilu

Sailuba tana tsakar gida tana feren doya lokacin da ta jiyo sallamar Kalilu daga zaure. Saura kaɗan wuƙar ta yanke mata yatsa. Mahaifiyarta, Hajiya Zaituna, ta dube ta ta wutsiyar ido.

"Doyar ce ta yi miki laifi, ko yatsan ne ba kya so?"

Sailuba ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta wanke hannu, ta yafa mayafi ta fita.

Kalilu malamin firamare ne, ɗan Kwandere, ƙauyen manoma da ke gefen Lafia. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, kuma shi kaɗai ya rage wa uwarsa, Inna Huseina. An yi musu baiko da Sailuba bayan ƙaramar salla. Mahaifinta, Alhaji Babandi, dillalin doya ne, asalinsa Kano, kuma babu abin da yake tinƙaho da shi kamar Hausarsa. Da farko bai so haɗin ba. Yakan ce, "Mutanen da suke ce wa mace 'kai', su zan ba 'yata?" Amma natsuwar yaron ta rinjaye shi.

"Sun ɗauke ni," in ji Kalilu bayan sun gaisa.

Ta san zancen. Wata makaranta ce a wani ƙauye kusa da Damagaram, a ƙasar Nijar, inda ake koyar da yara da harshe biyu, Hausa da Faransanci. Suna neman malaman sa-kai waɗanda suka iya koyar da karatu da rubutun Hausa, shi kuma ya ba da sunansa.

"Kai da Baba yake cewa Hausarku ba ta san mace ba, kai za ka koya wa mutanen Damagaram Hausa?"

"Ni in koya musu rubutu, su su gyara mini baki. Kin ga in na dawo sai Alhaji ya ba ni satifiket."

Ta yi dariya, amma idonta ya ciko. Ya ce shekara guda ce, da ya dawo sai biki. Daga nan ya zaro wani zaren kaba daga aljihu, da ƙulli a kowane bakinsa.

"Awon ƙafar Inna ne. An ce babu kamar dukawan can wajen ɗinkin takalmi. Kawo taki ƙafar in auna."

"A zauren Baba? So kake a kore ka tun ba ka tafi ba."

Ya mai da kabar aljihu yana dariya, sannan fuskarsa ta canza.

"Sailuba, ki riƙa duba mini Inna. Ba ta da kowa."

"Tana da ni," ta ce.

Ya tafi bayan an cire doya. Da farko saƙonsa yana zuwa ta hannun direbobin da ke kai kaya arewa. Ta haka ta san makarantar kamar ta taɓa zuwa: azuzuwan zana, da wata mai jinya daga Maraɗi da ta bar aikin asibiti ta zo taimako, da kukun makarantar, tsohon soja mai waƙa in yana tuƙa tuwo, da wani malami daga Togo da yara suke koya wa Hausa suna yi masa dariya. Kowace Asabar Sailuba takan je Kwandere ta kwashe wa Inna labarin, tana taya ta ɓarar gyaɗa. Inna Bagwandariya ce, Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Ka zo, 'yata? Ka ci abinci?"

Babu kiran da Sailuba take jin daɗinsa kamar wannan.

A shekarar 1984 aka rufe boda, ruwan sama kuma ya ƙi sauka a arewa. Ortese, wani direba Batibi da ke ɗaukar wa Alhaji kaya, yana cikin na ƙarshe da suka samu dawowa. Ya tarar da Alhaji a rumfarsa ta kasuwar doya, dillalai kewaye da shi.

"Oga, na ga surukinka."

"Madalla. Yana lafiya?"

"Ya rame kaɗan. Amma abu ɗaya ya dame ni." Ortese ya sosa ƙeya. "Duk garin, yaro da babba, Mushe suke kiran shi. Mushe Kalilu. Kuma yana amsawa, har yana dariya."



"Ka tambayi dalili?" in ji wani dillali.

"Haba, yaya zan tambayi mutum me ya sa ana zagin shi?"

Duk idanu suka koma kan Alhaji, don shi ake tambaya in magana ta rikice. Ya gyara zama, fuskarsa a murtuke.

"Mushe dai dabba ce da ta mutu ba yanka, wadda ko taɓa ta ba a so. Garin Musulmi ba za su taru su kira mutum haka ba sai ya bar salla. Dama na ji tsoron makarantar Faransawan nan."

"Oga, ni ban ce haka ba fa," in ji Ortese. Babu wanda ya saurare shi.

Bayan la'asar, a ƙofar masallacin unguwa, gaban jama'a, Alhaji Babandi ya ce ya warware baikon 'yarsa. Washegari aka mayar da kayan baikon zuwa Kwandere.

Sailuba ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Baba, a jira ya dawo a ji daga bakinsa."

"Na ji daga bakin gari guda. Ba zan tilasta miki kowa ba, ki zaɓi wanda kike so a garin nan. Amma wannan yaro—a'a. Kuma ƙafarki kada ta sake taka Kwandere."

Ba ta sake musu ba, kuma ba ta sake zuwa ba. Ta dai riƙa dafa abinci tana roƙon Hajiya ta ba matan Kwandere masu zuwa cin kasuwa su kai wa Inna. Daga wurinsu ta ji abin da ke faruwa. Zancen ya riga kayan baikon isa ƙauyen. Matan da ke zuwa hira gidan Inna sun janye. Da lokacin huɗar doya ya zo, samarin da suka saba yi mata gayya babu wanda ya fito, tsohuwa ita kaɗai ta ɗauki fartanya.

Masu neman aure suka fara sallama a zaure. Sailuba takan fita ta gaishe su cikin ladabi, ta ce su yi haƙuri, ta koma ciki. Abin da ya rage mata shi ne ƙaramar rediyon Hajiya. Da yamma takan murɗa ta har ta kamo tashar Nijar, cikin ƙara da shuu, ba don komai ba sai don ta ji an ambaci Damagaram.

Wata ranar Laraba tana tsintar shinkafa, mai labarai yana bayanin abincin agaji da aka raba wa makarantu saboda fari. Sai ta ji ya ce, "Ana kira ga kowane mushe ya kula da yaran lakkwal ɗinsa, kada yunwa ta kore su daga karatu." Ta san lakkwal makarantar boko ce a bakin mutanen Nijar. Ta saki faifan. Can aka sa muryar wani dattijo, aka ce mushe ne da ya daɗe yana koyarwa. Ya fara da bisimilla da salati ga Annabi.

Ta ruga ɗakin Hajiya.

"Hajiya, malami ne! Mushe a bakinsu malamin makaranta ne!"

Da Alhaji ya dawo ta bari ya ci abinci, sannan ta faɗa masa a hankali. Ya ajiye kofin ruwa.

"Yau ni za ki koya wa Hausa? A Lafia aka haife ki, cikin Alago da Eggon, ni kuwa a ƙofar Wambai aka yanke mini cibiya. Son yaron nan ne ya sa kunnenki yake jin abin da yake so."

"Baba, ka saurari tashar da kanka."

"Tashi ki ba ni wuri."

Bayan 'yan kwanaki Hajiya ta same ta a madafa, ta rage murya.

"Babanki ya sani. Ya tambayi wani mai sayar da kanwa ɗan Nijar a kasuwa. Tun da ya dawo bai ci abincin kirki ba."

"To me ya rage, Hajiya?"

"Ƙofar masallaci ta rage. Abin da ya faɗa a can, gaban mutanen da suke kawo masa magana ya fassara musu, da wane baki zai je ya kwashe shi?"

Wannan ya fi na farkon ciwo. Da, tana ganin in gaskiya ta fito shi ke nan. Yanzu ga gaskiyar a cikin gida, tana zaune tare da su, an hana ta fita. Sailuba tana iya zuwa ta faɗa wa duk unguwa, amma ta san ranar da ta yi haka ta tsinka mahaifinta a kasuwa. Ta roƙi Hajiya abu ɗaya, a aika wa Inna da gaskiyar maganar, ita kaɗai. Amsar da ta dawo gajeriya ce: "Ka faɗa wa 'yata, ni dama ban yarda ba. Ni na haife shi."

Shekarar da Kalilu ya yi alkawari ta cika, ta wuce. Boda na rufe, babu shi, babu saƙo.

Da damina ta gaba Inna ta kwanta. Ruwa ya dake ta a gona, tari ya kama ta ya ƙi saki. Hajiya ce ta tsaya a gaban mijinta wannan karon.

"Alhaji, matar nan tana mutuwa ita kaɗai. Ka hana aure, ban ce komai ba. Duba marar lafiya ma ka hana?"

Alhaji ya kawar da kai, ya ce:

"Ban hana duba marar lafiya ba."

Sailuba ta tare a Kwandere. Ta share ɗakin, ta toshe inda rufin ke yoyo, tana dama kunu tana ba ta a baki. Inna ta zama kamar kara. In mota ta tsaya a bakin hanya sai ta ɗaga kai ta kasa kunne, in ta wuce ta mayar.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwa ta riƙo hannun Sailuba.

"'Yata, in ya zo, ka faɗa masa ban yi fushi ba. Yara yake koya wa karatu, ba sata ya je ba." Ta huta, ta ci gaba. "Zai yi zafi da babanka. Ka ce na ce kada ya riƙe. In ya riƙe, kai zai rasa."

Kafin azahar ta cika. Mutanen da suka raka ta makwanci ba su da yawa. Alhaji Babandi yana cikinsu, a sahun baya.

Sai a farkon 1986 aka buɗe boda. Kalilu ya sauka a Kwandere da jakarsa, tare da wani dattijo mai farin gemu da tasbaha a hannu. Ya tarar da ƙofar uwarsa a ɗaure da igiya, ciyawa ta cinye tsakar gida. Maƙwabta suka faɗa masa komai, suna kawar da kai.

Bai zo Lafia ba sai da ya kwana biyu. Da Sailuba ta fito zaure da ƙyar ta gane shi, ya yi baƙi, wuyansa ya zama siriri. Bai zauna ba.

"Na zo in gode miki. An ce a hannunki ta cika."

"Ka zauna mana."

"A zauren nan? Sailuba, yunwa ta shigo mana, yara suna faɗuwa a layin asambuli. Mai jinyarmu da kuku da mu malamai muka raba namu abincin da su. Da na so, da na bi ta daji na dawo, wasu sun yi. Na ce in na tafi ajina ya watse. Ina can ina ganin alheri nake yi, ashe a nan uwata tana noma ita kaɗai ana nuna ta da baki." Ya dube ta. "Ba zan iya durƙusa wa mutumin da ya yi mata haka in kira shi Baba ba. Ki yafe ni."

Ya ajiye wani ƙunshi a kan tabarma zai juya. Ta san abin da ke ciki tun kafin takardar ta buɗe: takalman fata ja, da zaren kabar nan ɗaure a jikinsu.

"Tsaya ka karɓi saƙonka," ta ce. Hawaye na zuba, amma ta ci gaba. "Ta ce ba ta yi fushi ba. Ta ce yara kake koya wa karatu, ba sata ka je ba. Ta ce za ka yi zafi da Baba, kada ka riƙe." Ta haɗiye kuka, ta faɗi sauran yadda Inna ta faɗa, da bakin Inna. "'In ya riƙe, kai zai rasa.' Ni take nufi, Kalilu. Ka san yadda take kirana."

Kalilu ya jingina da bango, ya sulale ƙasa, ya rufe fuska da hula yana kuka kamar yaro. Ta bar shi ya yi. Ba su san Alhaji yana tsaye a bayan ƙofar cikin gida ba.

Da azahar dattijon da ya rako Kalilu ya zo masallacin unguwa. Ganin furfurarsa da baƙuntarsa, liman ya matsa masa ya ja salla. Bayan an sallame aka tambaye shi ko daga ina.

"Daga Damagaram. Muntaka sunana, ni ne shugaban makarantar da yaron nan Kalilu ya yi mana aiki. A can Mushe Muntaka suke ce mini." Ya yi murmushi. "Kalmar Faransawa ce ta girmamawa, bakinmu ya tanƙwara ta, muke kiran malamin boko da ita. Ko faɗarta ba ɗaya ba ce da waccan da kuka sani, amma baƙo ba zai rabe ba. Na rako shi ne in gode wa uwar da ta haife shi, ban same ta ba."

Bai dubi kowa ba. Mutane suka fara satar kallon Alhaji Babandi. Yana iya yin shiru, a ce yau ya ji kamar kowa. Sai ya dafa bango ya miƙe, ya je ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda ya tsaya wancan karon.

"Jama'a, a nan na ce yaron nan ya bar salla. Ban gani ba, ban tambaya ba, na fassara abin da ban sani ba don kada a ce ban sani ba. Kuma ba yau na gane kuskurena ba. Na daɗe da sani na yi shiru, har baiwar Allah nan ta mutu da maganata a kanta. Ortese bai yi ƙarya ba, ni na yi. Ku shaida."

Alhaji ya sa takalmansa, ya nemi mota zuwa Kwandere. A can ya maimaita maganar a ƙofar mai unguwa, sannan ya ce a nuna masa inda Kalilu yake. Ya same shi yana nome ciyawar tsakar gidan uwarsa.

"Ban zo in ce ka kira ni Baba ba," in ji Alhaji. "Wadda ya kamata in roƙa ba ta nan. Kai ka rage."

Kalilu ya daɗe riƙe da fartanya. Daga baya ya ajiye ta, ya shiga ɗaki ya ɗauko tabarmar Inna, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa.

"Zauna, Baba. Rana ta yi zafi."

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla, ba kiɗa, ba taro mai yawa, don Sailuba ta ce gidan da za a kai ta yana cikin makoki. Ranar da za su tafi Nijar tare, ita ma ta ba da sunanta za ta riƙa koya wa 'yan mata karatu, ta fito sanye da jan takalman nan. Sun yi mata yawa kaɗan, suna karkaɗawa in tana tafiya.

"Bari mu isa in sa a ɗinka miki daidai ke," in ji Kalilu. "Yanzu dai ai an yarda in auna."

"Bar mini waɗannan. Zan saba."

Alhaji ya raka su har tasha. Da motar Ortese ta tashi, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki kamar mai gwada kalmar da ta yi masa nauyi.

"Allah ya kiyaye hanya, Mushe."

Haƙurin Sailuba bai dawo da Inna ba, kuma wannan tabo bai taɓa barin gidan ba. Amma da ta yi wa mahaifinta tsaurin ido, ko ta gaji ta karɓi wani, da ta rasa uba ko ta rasa miji, sai Allah ya bar mata su duka biyun. Duk wanda aka kawo masa magana a kan ɗan wani, ya tambaya kafin ya yanke hukunci, ya kuma iya cewa "ban sani ba". In kuwa ya riga ya faɗa, to ya gaggauta gyarawa tun wanda aka zalunta yana da rai. Alhaji Babandi ya gyara, amma har ƙarshen rayuwarsa duk Juma'a yakan je Kwandere ya tsaya a kan kabarin matar da yake yi wa dariyar Hausa, yana roƙon gafarar da babu bakin da zai amsa masa.